Hasashen ruwan sama: a ƙidaya mana ƙuri'un damana

Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta 2024, ruwan da ya sauka a birnin Maraɗi ya kai milimita 150 cikin minti 90, kamar yadda hukumomin jihar suka sanar, kuma mutum 15 suka riga mu gidan gaskiya. Ga wanda bai saba da lissafin masu awo ba, milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta ruwa a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Ke nan kowane ɗan wannan fili, walau rufin ɗaki ne, walau tsakar gida, ya sha lita 150 kafin a kai ga gama tuƙin tuwo a raba. Kwana 4 bayan haka, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Da damana ta janye, gwamnati ta ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu a faɗin ƙasa, da sama da mutum miliyan ɗaya da rabi da ɓarnar ta shafa, har aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba.

An yi ta'aziyya, an raba shinkafa da tabarmi, an yi jawabai. Akwai tambaya guda da ban ji an yi ta da ƙarfi ba, ita ce kuwa ta kawo ni wannan shafi. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To wadda za ta zo da masifa fa? Me manyan na'urorin hasashen yanayi suka ce ranar Laraba game da Juma'ar Maraɗi? Sun hango, ko ba su hango ba? In sun hango, da wane ƙarfi suka faɗa? Gaskiya ne cewa tun watan Afrilu na wannan shekara masanan yankinmu sun sanar cewa damanar Sahel za ta fi yadda aka saba yawan ruwa, kuma hakan aka yi, a yaba musu. Amma faɗin "bana akwai ruwa" daban, faɗin "jibi da dare ku fitar da yara daga ɗakin ƙasa" daban. Na biyun shi ne ake tallata mana yanzu, a salula da talabijin da tarukan masu furoje, da taswirori masu launi kamar zanen atamfa. Ra'ayina a taƙaice shi ne kada mu yarda da shi, kada kuma mu yi watsi da shi, sai an ƙidaya mana a bainar jama'a sau nawa ya faɗi daidai a kan ƙasarmu.

Kada wani ya ce muna kutsawa cikin gaibu. Sanin gaibu sai Allah. Dattijon da ya ga shamuwa ta dawo ya ɗauko sungumi ya gyara masa ƙota, ba gaibu ya sani ba, alama ya karanta. Na'ura ma alama take karantawa, ta zafi da iska da laimar sama, sai dai tata ta fi yawa. Bambancin shi ne dattijon nan ƙauye duka na riƙe da tarihin maganarsa, an san shekarun da ya dace da waɗanda ya kuskure. Na'urar kuwa ana so mu karɓe ta ba shaida.

Ayari da gidajen dara

Bari mu fara da fahimtar abin da ake sayar mana. A 1963 wani masani ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure kaɗan wajen auna halin da sararin sama ke ciki yau yakan girma, har bayan ƴan kwanaki ya rushe lissafin gaba ɗaya. Tunda ba wanda zai iya auna sama ba kuskure, sai masana suka canza dabara. Maimakon kwamfuta ta yi lissafi sau ɗaya ta yanke hukunci, sai a sa ta ta maimaita shi sau da dama, kowane karo an ɗan jirkita mafarin. Cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai da ke Reading a Ingila ta fara wannan aiki a Disamba 1992, wata ɗaya da takwararta ta Amurka. Ta Turai tana sakin lissafi 50, da guda ɗaya na asali da ba a taɓa ba. Ni ina kiran wannan ayarin hasashe, domin kamar raƙuma 50 ne da suka tashi daga zango ɗaya: in bayan kwana 3 suna nan a dunƙule, hanya a bayyane take, in sun watse, kowa ya san akwai ruɗani a gaba. Idan 35 daga cikin 50 suka nuna ruwan da ya kai milimita 20 a Tawa jibi, sai a ce yiwuwar hakan kashi 70 ce bisa 100.

Abu na biyu shi ne girman gurbi. Kwamfuta ba ta ganin duniya yadda ido ke ganinta. Tana yanka ta gida gida kamar filin dara, kowane gida kuma lamba ɗaya take ba shi. Tun watan Yuni 2023 gidajen ayarin Turai sun koma kilomita 9, bayan da can suna 18. Ingila da Jamus da Faransa kuma, daga 2012 zuwa gaba, sun kafa wa ƙasashensu ƙananan ayarori masu gidajen da ba su kai kilomita 3 ba.

Wannan ƙanƙanta tana da muhimmanci a gare mu fiye da su. Ruwanmu ba irin na Turai ba ne, mai zuwa da faffaɗan girgije ya kwana yana zuba a kan rabin ƙasa. Namu hadari ne, kowa ya san shi: gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙura, a kwashe shanya, sannan a tsuge kamar da bakin ƙwarya, bayan ɗan lokaci ya wuce yamma. Binciken da aka yi a ƙasar nan ya nuna cewa kusan kashi 90 bisa 100 na ruwan Sahel daga irin waɗannan manyan hadura masu tafiya yake fitowa. Da yawansu kan haɗu da la'asar a wajen duwatsun Ayar, su kwana suna gudu, su isa Yamai da asuba. Na'ura mai manyan gidaje ba ta iya gina irin wannan hadari. Tana ƙiyasta shi ne da wata ƙa'ida ta lissafi, sakamakon kuwa sananne ne a wurin masu sana'ar: takan ba da ruwa kaɗan kaɗan kusan kullum, kuma da rana tsaka, alhali sama takan yi shiru kwana da kwanaki sannan ta juye tulu guda cikin dare. Sai gidaje sun yi ƙasa da kamar kilomita 4 na'ura ke fara haɗa hadarinta da kanta, mai kai da jela, mai tafiya daga gabas zuwa yamma.

A nan haɗarin yake. Taswirar da ke fitowa daga irin wannan na'ura tana kama da gaskiya ƙwarai, har mai kallo ya ga ɗigon ja a kan garinsu ya ɗauka an gama magana. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Ɗan duban da bai taɓa cewa za a yi ruwa ba

Duk wanda ya zo maka da cewa hasashensa na dacewa kashi 90 bisa 100, ka riƙe aljihunka. Wannan wayo ya tsufa. A 1884 wani sojan Amurka mai suna John Finley ya yi ta hasashen muguwar guguwar da ke addabar ƙasarsu, ya buga sakamako cewa cikin hasashe 2803 ya dace a kashi 96.6 bisa 100. Ba a jima ba masu lissafi suka nuna masa cewa guguwar sau 51 kawai ta auku cikin duk waɗannan lokuta, saboda haka da ya kwanta a gida yana cewa kullum "babu guguwa", da ya samu kashi 98.2. Ragon da bai duba sama ba ya fi shi maki.

Mu dawo gida. A yawancin garuruwanmu na noma da wuya ranakun ruwa su wuce 50 a shekara. Ni da ban san komai ba, in na ce kowace safiya "yau ba ruwa" daga Janairu zuwa Disamba, zan dace a kwana 315 cikin 365, wato kashi 86 bisa 100. Sai a ba ni lambar girma da kat-kat. Amma ban amfani manomi ko ɗaya ba, domin ranakun nan 50 da na kuskure su ne shekarar gaba ɗaya.

Awon gaskiya ya fi haka wuya, amma ba ya fi ƙarfin fahimtar mai sayar da hatsi a kasuwar Tasawa. Wanda ya ce kashi 70 ba a kama shi da ƙarya a rana ɗaya, domin ko ba a yi ruwa ba zai ce ai na bar kashi 30. Ana kama shi ne a tsawon lokaci. A tara duk ranakun da ya ce 70, a duba: in cikin kowane 10 an yi ruwa a 7, mai gaskiya ne, in a 3 kawai aka yi, bakinsa ya fi saninsa girma. Haka za a yi wa ranakun da ya ce 20, da waɗanda ya ce 90. Tun 1950 wani Ba'amurke, Glenn Brier, ya tsara yadda ake haɗa wannan a lamba ɗaya, wadda ke hukunta mai cika baki fiye da mai taka tsantsan.

Akwai kuma awon da ya shafi ayarin kansa. A jera amsoshi 50 daga ƙarami zuwa babba, sannan a duba inda ruwan da aka auna a ƙasa ya faɗa. In ayarin lafiyayye ne, gaskiya za ta riƙa faɗawa ko'ina cikin jerin, yau a tsakiya, gobe a gefe. In kuwa kullum tana can waje, ta fi na kowa yawa ko ta fi na kowa ƙaranci, to raƙuman nan 50 igiya ɗaya ke jan su. Mu da muka ga zaɓen Disamba 1989, inda ɗan takara ɗaya tilo ya samu kashi 99.6 bisa 100, majalisa kuma ta cika da ƴan jam'iyya guda, ba sai an koya mana cewa haɗuwar baki ba hujjar gaskiya ba ce. Wannan ciwo na rashin saɓani sananne ne ga ayarorin hasashen ruwa, har masu ƙananan gidajen.

Sai babbar tambaya, wadda masu talla ba sa so. Shin na'urar ta fi littafin shekarun baya? Ma'ana, in mutum ya ɗauko awon ruwan Damagaram na shekara 30, ya duba sau nawa aka yi ruwa a tsakiyar Agusta, ya ce yiwuwar gobe ke nan, ba tare da ya kalli sama ba, shin kwamfutar Turai ta fi shi? A 2018 masana na Karlsruhe a Jamus, Peter Vogel da abokan aikinsa, sun yi wannan gwaji a kan arewacin Afirka mai damana, har da Sahel ɗinmu, da ayarori 9 na manyan cibiyoyin duniya, a kan hasashen kwana 1 zuwa 5. Abin da suka samu ya kamata a karanta shi a kowace ma'aikatar noma. Ɗanyen hasashen, yadda ya fito daga na'ura, ba abin dogaro ba ne, kuma sau da yawa littafin shekarun baya ya fi shi. Bayan an gyara shi da lissafi, ta hanyar koya masa kurakuransa na baya, ya inganta sosai, amma da ƙyar ya wuce littafin. Na'urorin sun ci gaba tun daga lokacin, ba na musu. To a sake gwajin mana, a nuna mana. Wanda ya ce ya warke daga gurgunta, tashi zai yi ya taka.

Wa ya zaɓi mudun?

Dole in yi wa masu ƙananan gidaje adalci, domin akwai wani awo da ke zaluntarsu. A ce na'ura ta hango hadari mai ƙarfi, ta dace da girmansa da lokacinsa, amma ta ɗora shi a kan birnin Damagaram, shi kuwa ya sauka a Mirya. In aka auna gurbi da gurbi, an ci ta tara sau biyu: ta ce ruwa inda ba a yi ba, ta kuma yi shiru inda aka yi. Na'ura mai manyan gidaje da ta shafa yayyafi a kan jihar duka, ba ta faɗi komai mai amfani ba, sai ta fi ta maki. Don magance wannan ne masu binciken ma'aikatar yanayi ta Ingila, Roberts da Lean, suka fito da wata hanya a 2008: maimakon gurbi guda, a duba unguwar gurabe, a riƙa faɗaɗa ta, har a gano daga wane faɗi hasashen ya fara zama abin dogaro. Amsar na iya zama kilomita 30, tana iya zama 150.

Wannan lamba ita ce ya kamata a rubuta a goshin kowace taswira. Domin amfanin hasashe ya danganta da mai tambaya. Wanda ke lura da Gulbin Maraɗi bai damu ko a wane ƙauye ruwan ya faɗi ba, muddin cikin kwarin da ke malalowa gulbin ne. Makiyayin da ke neman inda ciyawa za ta tsiro, kuskuren kilomita 30 tafiyar yini ce, zai iya jurewa. Amma manomin da ke tsaye a jigawarsa da ƙwaryar iri, ruwan da ya sauka a Mirya bai jiƙa masa ko taki ɗaya ba. In an auna hasashe da mudun mai gulbi, sannan aka sayar wa manomi, an yi masa algus, ko da kowace lamba a rahoton gaskiya ce.

Nauyin kuskure ma ba ɗaya ba ne. A 1988 masanin cibiyar ICRISAT ta Sadore, Sivakumar, ya tsara ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita wajen gane faɗuwar damana: milimita 20 cikin kwana 3 a jere bayan 1 ga Mayu, ba tare da fari na sama da kwana 7 cikin kwana 30 da ke biye ba. Rabin ƙa'idar na biyu shi ne mai kisa. Kowa ya san wanda ya yi shuka da ruwan farko, tsiro ya fito ya ƙone, ya koma neman bashin iri a lokacin da tiya ta fi tsada. Irin wannan mutum kashi 60 ba ta ishe shi ya buɗe rumbu ba. Uwar da ke kwana da ƴaƴa 5 a ɗakin ƙasa mai tsaga kuwa, kashi 20 ta ruwa mai ƙarfi ta isa ta sa ta kai su gidan maƙwabta, domin in ba a yi ba, barcin dare ɗaya kawai ta rasa. Kyawun ayari ke nan, yana barin kowa ya yanke hukunci daidai da abin da zai iya asara. Amma sai in 20 ɗin 20 ce da gaske.

Akwatin zaɓe babu ƙuri'a

Duk wannan awo yana buƙatar abu guda: a san ruwan da ya sauka. A nan muke da rauni, a nan kuma nake ganin ake kifa kuɗi a gurbin da ba nasu ba. Turawa na gwada taswirorinsu da na'urorin rada da suka rufe ƙasashensu. Mu ƙasarmu murabba'in kilomita 1,267,000 ce, Hukumar Yanayi ta Duniya kuma ta sha nanata cewa yawan tashoshin awo a Afirka kashi ɗaya ne cikin 8 na mafi ƙarancin abin da ake buƙata.

Abin takaicin shi ne a ƙasar nan aka koya wa duniya dalilin da ya sa ma'auni ɗaya ba ya wakiltar gunduma. Daga 1990, masu binciken ORSTOM na Faransa tare da ma'aikatar yanayi ta ƙasa sun dasa ma'aunai kusan 100 a wani fili na kewayen Yamai mai kimanin kilomita 110 kowane gefe, cikin shirin EPSAT-Niger. Sun ga abin da kowane manomi ya sani amma ba a taɓa rubuta shi da lamba haka ba: cikin damana ɗaya, a wannan ɗan fili, tashar da ta fi samun ruwa na iya ninka wadda ta fi ƙaranci. A 2006 kuma babban shirin AMMA ya sauke jiragen bincike da rada a Yamai. Cibiyar AGRHYMET tana nan tun 1974, ACMAD ta Afirka duka ita ma a Yamai aka kafa mazauninta. Ba ilimi muka rasa ba, ba kuma masana ba. Amma abin da aka yi wa kewayen babban birni, ina kwatankwacinsa a Dakwaro, ko Tanut, ko Gure, inda ruwan ya fi ƙaranci kuma ya fi yaudara?

Za a ce mini akwai tauraron ɗan'adam. Akwai, kuma yana da amfani. Sai dai yawanci sanyin kan girgije yake gani, daga nan a ƙiyasta ruwan da ke ƙarƙashi. Bai san digon da iska mai zafi ta shanye kafin ya taɓa ƙasa ba. Shi kansa sai an daidaita shi da ma'aunin ƙasa. Gwada hasashe da ƙiyasin tauraro kaɗai kamar a kira ɗan'uwan mai ƙara ne ya yi shaida. Sababbin na'urorin da ke koyo daga tarihi, irin wadda cibiyar Turai ta fara aiki da ita a 2025, su ma ba su tsira ba, domin tarihin da suka haddace ya fi rauni a daidai wuraren da ba a auna ba. Akwai dabaru masu araha: a Burkina Faso, binciken da aka buga a 2014 ya nuna ana iya auna ruwa daga yadda yake raunana saƙon da ke tsakanin turakun salula. Turakun nan sun cika ƙasarmu. Sai dai bayanan na hannun kamfanoni, ba kuma za su bayar don Allah ba sai hukuma ta nema.

Mafi sauƙi dai shi ne ɗan gwangwanin awo, wanda kuɗinsa bai kai na tayar kat-kat ɗaya ba. Na sha jin ana cewa a dasa shi a kowace lakwal. Masu wannan shawara sun manta cewa lakwal hutu take yi a tsakiyar damana, malami ya tafi garinsu. A ba mai gari, a ba ma'aikacin gidan likita, a ba manomin da ya iya rubutu da boko ko ajami, a biya shi ɗan abin goro a kan lokaci, a kuma riƙa zuwa ana duba ko gwangwanin bai karkace ba, ko awaki ba su sha ruwan ba.

Lambar ruwa lambar siyasa ce

Me ya sa jaridar siyasa za ta ɓata shafi a kan wannan? Domin a Nijar ba a taɓa raba damana da mulki ba. Farin farkon shekarun 1970 da yadda aka yi da kayan agaji suna cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974. A 2005 duniya na kallon yaran Maraɗi a talabijin, fadar shugaban ƙasa na cewa babu yunwa. A 2010 sai da mulki ya canza hannu aka furta kalmar a hukumance. Ƙasar da ke da irin wannan tarihi bai kamata ta bar mai yin hasashe ya zama shi kaɗai ne mai ba kansa maki ba, ba don ana zargin kowa ba, sai don ba a haɗa ɗan takara da mai ƙidayar ƙuri'a a jiki ɗaya. Haka ma baƙon da ya zo da furoje: rahoton da zai kai wa mai ba shi kuɗi ba zai taɓa cewa aikin bai yi ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar rancen Bankin Duniya. Duk hasashen da aka saki ga jama'a a ajiye shi da ranarsa da sa'arsa, yadda ba mai iya gyara shi bayan ruwa ya sauka, kamar akwatin da aka rufe gaban wakilai. Awon ma'aunai, wanda Muryar Sahel ta saba karanto mana gari gari da damana, a tara shi wuri guda kowa ya iya ɗauka ba tare da biyan kuɗi ko rubuta takardar roƙo ba. Sannan a ba jami'o'inmu aikin ƙidaya: Abdu Mumuni a Yamai, Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Jibo Hamani a Tawa, kowace ta riƙe yankinta. Da kaka, lokacin da ake lissafin dammunan hatsi, a fito da sakamako jiha jiha, a karanta shi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunanmu. Duk kamfani ko ƙungiyar da ke aika wa manoma saƙon ruwa a salula, a sa ta cikin wannan ƙidaya kafin a ba ta izini.

Na san amsar da za a ba ni: in talaka ya ji yawan kuskuren, zai daina saurare. Wannan raina hankali ne. Talaka ya riga ya san kuskuren, a gonarsa aka yi shi. Abin da bai sani ba shi ne inda hasashen ke da ƙarfi, kuma akwai irin wuraren. Ambaliyar kogi, alal misali, ta fi hadarin dare ɗaya saukin hangowa, domin ruwan da Sirba da Dargol da Gorwal ke zubawa cikin Isa sai ya yi tafiya kafin ya iso. Lokacin da kogin ya kai santimita 700 a Yamai a Satumba 2020, ma'aunai sun yi kwanaki suna nuna hawansa. Haka nan hadarin da ya riga ya haɗu, ana iya bin sa da tauraro a gargaɗi garuruwan da ke gabansa da ƴan sa'o'i. In aka ware wa mutane abin da aka iya daga abin da ba a iya ba tukuna, gargaɗin da aka iya zai yi nauyi a kunnensu. Ma'aikatan yanayi namu, waɗanda ke aiki da kayan da ba su kai ba, su ne za su fi kowa cin riba, domin ranar rabon kasafi za su shiga da takarda mai lamba a hannu, ba da roƙo ba.

Kuma ba sai an jira damana mai zuwa ba. Manyan cibiyoyin duniya suna ajiye tsofaffin hasashensu, akwai ma rumbun haɗin gwiwa da suke zuba na ayarorinsu tun 2006, wanda masu bincike ke iya shiga. Ɗalibi ɗaya mai kwamfuta da intanet a jami'ar Maraɗi zai iya ciro abin da raƙuman nan 50 suka ce ranar Laraba 28 ga Agusta 2024, da ranar Alhamis 29, da safiyar Juma'a 30, ya rubuta nawa daga cikinsu suka nuna ko da milimita 50 a kewayen birnin, ya ajiye lambar kusa da 150 ɗin da ta sauka. Shafin wannan jarida a buɗe yake gare shi.